Santsi, tuntuɓe da faɗowa daga sama: fashin baƙi kan hatsarin da aka fi rainawa a wuraren aiki a Kaduna

Idan gobara ta tashi a shago ko inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, kowa ya san an yi hatsari, har a zauna a tattauna yadda aka yi. Amma idan masinja ya zame a barandar ofis da fayil a hannu, abin da zai samu bai wuce "sannu, Malam" ba, sai dariyar da aka danne, sai kuma wani ya ƙara da cewa "ai sai ka riƙa kallon gabanka". Shi ma don kunya zai yi wuf ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce babu komai. Sai dare ya yi wuyan hannu ya kumbura, da asuba a nufi gidan mai ɗori. Babu wanda ya rubuta, babu wanda ya tambayi abin da ya jiƙa barandar, gobe kuma wani zai taka wurin.

Alƙaluma ba su goyi bayan wannan raini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, abin da ya sa ta zama ta biyu bayan haɗarin mota a jerin raunukan ba-zata da ke kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, wato irin tamu. Wasu faɗuwar sama da miliyan 37 kuma kan kai ga sai an nemi magani. Wannan lissafi ya haɗa da gida da hanya. Idan aka koma wurin aiki kaɗai, Birtaniya, inda ake rubuta kowane rauni, ta daɗe tana samun cewa kusan kashi 30 cikin 100 na raunukan da masu kamfani ke kai rahoto santsi ne da tuntuɓe a ƙasa miƙaƙƙiya, faɗowa daga sama kuma ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikata. Ƙasar da ke da sufetoci da tsauraran dokoki ke nan.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, yawancin faɗuwa an riga an shirya ta tun kafin mutum ya ɗora ƙafa a wurin. An shirya ta ranar da aka zaɓi tayil, ranar da aka tsayar da lokacin goge-goge, ranar da ƙwan fitilar matakala ya mutu aka ce sai gobe. Wanda ya faɗi shi ne na ƙarshe a layin, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin iko a kan lamarin. Muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne.

Tsakanin diddige da daɓe

Mutum yana tafiya, diddige ne ke fara sauka, kuma yana sauka ne yana ɗan turawa gaba. A wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, dole daɓe ya riƙe takalmin. Masu nazarin tafiyar ɗan Adam sun auna cewa a tafiya ta yau da kullum ana buƙatar riƙon da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ƙafa ta sauke. Idan ana sauri, ko ana shan kwana, ko gangara ce, ko ana tura baro, buƙatar tana ƙaruwa. Busasshen daɓe mai tsafta, ko da mai sheƙi ne, yakan ba da fiye da haka. Matsalar tana farawa ne idan wani abu ya shiga tsakani: ruwa, mai, sabulu, gari, ƙura. A kan siminti mai kaushi, ƙananan haƙoran daɓen suna huda ruwan su kama takalmi. A kan tayil mai sulɓi babu haƙoran, sai diddige ya hau kan ruwan ya tafi. Ba sai tafki ba, damshin da ido ma ba ya gani ya isa.

A nan ne yayin tayil ya shigo. Tsofaffin ofisoshin gwamnati da makarantun Kaduna da siminti ko tarazo aka daɓe su. Tun da gine-ginen zamani suka yawaita, musamman bayan shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019, duk wanda ya gina filaza ko asibiti ko makaranta yana son tayil ɗin da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Babu laifi a falo. Laifin shi ne a ɗauki irin wannan a shimfiɗa a baranda da ruwan sama ke bugawa, a bakin ƙofa, a kan matakala, a banɗaki, har a gangaren da aka yi don masu keken guragu. Mai gini ya sayi kala ɗaya don ya samu ragi, mai liƙa tayil ya liƙa abin da aka ba shi, ma'aikacin da zai yi shekara goma yana bin wurin kuwa babu wanda ya tambaye shi.

Akwai ma'aunin da mai saye zai iya dubawa. Wasu kwalayen tayil suna ɗauke da alama daga R9 zuwa R13, ma'auni ne da ya samo asali daga Jamus, inda ake zuba mai a kan tayil a riƙa karkata shi har mai tafiya a kai ya zame. R9 na busasshen ɗaki ne kawai. Wurin da ruwa ko maiƙo ke zuba, kamar kicin ɗin otal ko mayanka, yana buƙatar R11 zuwa sama. Wuraren da ake shiga ba takalmi suna da nasu ma'aunin daban, A, B da C, kuma C ne ya fi riƙo. Ba kowane kwali ke da alamar ba. Idan babu, a jiƙa guda ɗaya a shagon, a taka da takalmi a gwada. Wanda ya riga ya shimfiɗa mai sulɓi kuma, ba lallai ya fasa duka ba: a liƙa zirin roba mai kaushi a bakin matakala, a sauya na baranda da bakin ƙofa kawai, a yi wa ƙofa rumfa.

Kaduna gari ne mai ruwa. Yakan samu sama da milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A watannin nan kowane takalmi da kowace lema suna shigo da ruwa da jar laka cikin gini. Ɗan guntun abin goge ƙafa da ake ajiyewa a ƙofa taku ɗaya yake ɗauka, alhali ana buƙatar mai tsawon da kowace ƙafa za ta taka shi sau biyu ko uku. Dabarar da aka saba yi ita ce a yaga kwali a shimfiɗa. Kwalin zai sha ruwa na ɗan lokaci, daga nan ya jiƙe, bakinsa ya naɗe, shi kansa ya riƙa zamewa a kan tayil. An gudu daga santsi an faɗa tuntuɓe. Hunturu ma bai bar mu ba: ƙurar hazo mai laushi idan ta kwanta a kan tayil mai sheƙi takan kwashe mai takalmin fata ko da babu ɗigon ruwa.

Wani wurin da littattafan Turai ba za su ambata ba shi ne wurin alwala. Kusan kowace ma'aikata da kasuwa a garin nan tana da shi, kuma sau biyu ko uku a lokacin aiki mutane da yawa za su taso daga can da jiƙaƙƙun ƙafafu cikin silifas, suna sauri kada jam'i ya wuce su. Silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe, ga ruwa tsakanin ƙafa da silifas, ga ruwa tsakanin silifas da daɓe: santsi biyu a taku ɗaya. Inda ruwan ke kwanciya gansakuka kan fito, wadda ta fi ruwan haɗari. Gyaran bai da tsada. A yi daɓen da siminti mai kaushi, a karkata shi ruwa ya bi magudana, a sa wurin zama da ƙarfen dafawa don dattawa, a kankare gansakuka duk mako, a kuma raba wurin da hanyar da jama'a ke bi.

Sai goge-goge, wanda a ganina shi ne babban abin da ake iya gyarawa ba tare da kashe ko sisi ba. A ofisoshi da yawa mai shara tana fara goge baranda daidai lokacin da ma'aikata ke shigowa, domin lokacin aka buɗe mata ƙofa. Ta jiƙa faɗin hanyar gaba ɗaya, ta wuce, ta bar shi ya bushe da kansa. Bokiti ɗaya tun daga ƙofa har ƙarshe, saboda haka maiƙon da aka kwaso a wani wuri ana shafa shi ko'ina. Omo idan ya yi yawa yakan bar wani sulɓi da ke farfaɗowa da zarar ruwa ya taɓa shi. Wasu ma kananzir suke ɗigawa a ruwan don tayil ya yi ƙyalli ko don korar ƙwari. Idan wani ya faɗi, ita za a yi wa tsawa: "Baba, ke ba ki ga mutane na wucewa ba?" Amma wa ya sa mata lokacin? Wa ya saya mata abin gugar da za ta bi ta busar? Abin da ya dace shi ne a ba ta makulli ta gama kafin a zo ko bayan an tashi. Idan dole ne a goge da rana, a yi rabin hanya a bar rabi a bushe. Allon gargaɗi mai launin rawaya yana da amfani idan ana ɗauke shi da zarar wuri ya bushe. Wanda ya kwana ya wuni a wuri ɗaya, da rubutun Turanci, ido ya daina ganinsa.

A masana'antun Kakuri da garejin bakanikai da rumfunan Panteka, abokin gabar shi ne baƙin mai da giris da dizal. A gidan burodi, fulawa da man gyaɗa. A mayanka, jini da kitse. A kasuwa, ruɓaɓɓen tumatir da ledar ruwa da ruwan firizar da ta narke bayan an ɗauke wuta. Ƙa'ida ɗaya ce a duka: a toshe inda abin ke fitowa kafin a yi maganar gogewa. Injin da ke yoyo a gyara shi, kafin nan a sa masa tire a ƙasa. Janareta ya samu nasa dakali nesa da hanya. Bututun ruwan esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya zubar a magudana. Idan mai ya zuba, a zuba yashi ko garin katako ya tsotse, a kwashe, sannan a wanke da sabulu. Watsa masa ruwa faɗaɗa shi kawai yake yi. Takalmi mai ƙasan roba mai zane yana taimakawa ƙwarai a irin waɗannan wurare, kuma mai wurin ne ya kamata ya saya, amma takalmi matakin ƙarshe ne.

Tuntuɓe

Ƙafar da ke lilo gaba a lokacin tafiya tana wuce ƙasa da tazarar da ba ta fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa abin da ke kayar da mutum yawanci ƙarami ne: tayil ɗin da ya ɗago, bakin kafet, wayar soket da aka ja daga wannan bango zuwa wancan tebur, dirowar da aka bari a buɗe, guntun rodi da ya leƙo daga kankare. Babban abu ana ganinsa a kauce. A kasuwanni irin su Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci, abin da ɗan dako ke fama da shi shi ne kayan da aka fito da su gaban shago har suka ci hanya, da kwatar da murfinta ya karye, shi kuma da buhu a ka ba ya ganin ƙafarsa.

Duhu yana ninka kowane ɗayan waɗannan. Idan aka ɗauke wuta, ido yana buƙatar mintoci kafin ya fara gani sosai, cikakken sabo da duhu kuwa yakan kai minti 20 zuwa 30. Daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta su ne mafi haɗari ga wanda ke tsakiyar matakala ko ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da tire. Haka ma wanda ya shigo sito mai duhu daga tsakar rana. Fitila mai caji da ke kunna kanta idan wuta ta tafi ana sayar da ita a kowace kasuwa, kuma matakala ce ta fi cancanta da ita, ba ofishin oga ba.

Matakala ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙafa tana koyon tsayin hawa ne a taku biyu ko uku na farko, daga nan ta ci gaba ba tare da ido ya duba ba. Idan hawa ɗaya ya bambanta da sauran, ko da da santimita ɗaya ne ko biyu, nan ake faɗuwa. Dokokin gini a ƙasashe da dama ba sa yarda bambancin ya wuce kusan santimita ɗaya. A gine-ginenmu kuwa hawan farko ko na ƙarshe ne ya fi fita daban, domin an zuba matakalar kafin a san kaurin daɓen da za a ƙara sama da ƙasa. Duk wanda ke aiki a bene ya san hawan nan da kowa ke cewa "a kula da na ƙarshen". Wannan magana shaida ce cewa an san lahanin, an kuma bar shi. Hawa mai kyau yakan kasance tsakanin santimita 15 da 18 a tsayi, faɗin wurin taku kuma ya ɗauki ƙafa sosai, kamar 25 zuwa 30. Ƙarfen dafawa ya kai tsayin kusan mita ɗaya, ya zama hannu na iya damƙe shi, ya tafi daga farko har ƙarshe. Bakin kowane hawa ya bambanta da launi, musamman idan tayil ɗin kala ɗaya ne. Saukowa ta fi hawa haɗari. Mai babbar riga ko doguwar abaya yana buƙatar hannu ɗaya ya tattare tufafi, ɗayan ya dafa. Idan waya na hannu, ɗayan biyun ya tafi.

Daga sama

Nan ne ake rasa rai. Wanda ya faɗo daga mita 3, wato kimanin rufin gida mara bene, zai isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun kusan kilomita 28 a awa, kamar a ce an jefo shi daga kan mashin mai gudu ya daki kankare. Daga mita 6 gudun ya kusa kilomita 40. Babu lokacin kama wani abu. Abin da ke raba mai rai da gawa sau da yawa shi ne ɓangaren jikin da ya fara sauka da abin da ya tarar a ƙasa: yashi, ko bulo, ko rodi a tsaye.

Tsani ya fi kowane kayan aiki shan wulaƙanci. Ana ɗaure biyu da waya don a ƙara tsawo, ana ɗora shi a kan durom ko bulo, ana jingina shi a kan tayil ba wanda ya riƙe. Ƙa'idojinsa kaɗan ne. Idan ya jingina a tsayin mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita 1. Ya zarce inda za a sauka da kusan mita 1 don a samu abin kamawa. A ɗaure shi a sama, ko wani ya tsaya a gindi. Gaɓoɓi uku su kasance a kansa kullum, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, wato kayan aiki a jaka ko a jawo su da igiya. Cibiya kada ta fita daga tsakanin sandunan biyu, domin miƙa jiki gefe don a kai ga ƙusa ta ƙarshe ba tare da an sauko an matsar ba shi ne ya kayar da kafintoci da yawa. Tsani na gajeren aiki ne, kamar rabin awa. Aikin wuni yana buƙatar dandamali. Tsanin ƙarfe kuma a nisanta shi da wayar lantarki, don wutar da ba ta kashe mutum ba tana iya wurgo shi.

Dandamalin gora ko katako da magina ke kafawa ba shi ne matsalar ba, idan an ɗaure shi da kyau. Matsalar ita ce falanki ɗaya tal da ake ɗorawa, ba a ƙusance ba, babu shinge a baya, ga bulo da kwanon siminti an jibga a kai. Dandamalin kirki yana da faɗin da mutum zai juya, da sandar kariya a tsayin kusan mita ɗaya, da wata a tsakiya, da katako a gindi mai tare kaya kada su faɗo kan na ƙasa. Haka bakin bene da ramin matakala a ginin da ba a gama ba: a kewaye su ko a rufe da abu mai ƙarfi a ƙusance, ba da guntun kwano ba.

Sana'ar da ta fi damuna a 'yan shekarun nan ita ce haɗa sola. Tsadar mai da rashin wuta sun sa matasa da yawa sun shiga, sun koyi waya da batir, amma babu wanda ya koya musu rufi. Kwanon zamani mai tudu sosai yana da sulɓi, da safe ga raɓa, da rana ga zafin da ke sa a yi gaggawa, ga faifan sola mai faɗi da iska ke iya fizga. Tsofaffin rufin asbestos na masana'antu da kwanon roba mai haske da ake sakawa don rana ta shiga ba sa ɗaukar nauyin mutum, yana takawa zai zurma. A irin wannan rufi katako ake shimfiɗawa a kan ƙarafa a bi ta kai. Ɗamarar tsaro ma sai an fahimce ta. Igiya a ƙugu kawai tana iya karya baya ko ta shaƙe mutum. Cikakkiyar ɗamara mai igiyar mita 2 da abin rage fizga tana buƙatar sarari kusan mita 6 a ƙasa kafin ta tsayar da mutum, don haka a kan gida mara bene zai daki ƙasa kafin ta yi aiki. A nan gajeriyar igiyar da ke hana shi kaiwa bakin rufin ita ce mai amfani, kuma a ɗaure ta a abin da zai ɗauki nauyi, ba a bututun ruwa ba.

Bayan duk wannan akwai abin da ke tura mutum ya yi ganganci, wato jinga. Wanda za a biya kan yawan bulon da ya jera ko rufin da ya gama yau, kowane minti na ɗaure tsani asara ce gare shi. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya samu aiki, kuɗin dandamali ne farkon abin da yake cirewa. Mai gida kuma da ya zaɓi mafi araha ya sa hannu a ciki ko bai sani ba. Ga zafin Maris da Afrilu, ga azumi idan ya faɗo a lokacin, ga ƙwayoyin ƙarin kuzari irin su tiramadol da wasu leburori ke sha, wanda ke kawo jiri, har farfaɗiya. Aikin sama a irin wannan yanayi da sassafe ya kamata a yi shi, bayan raɓa ta bushe, kuma wanda ya ce kansa na juyawa a bar shi ya sauko ba tare da an yanke masa kuɗin wuni ba.

Idan an riga an faɗi

Al'adarmu ita ce a ruga a ɗaga mutum, a zaunar da shi, a yayyafa masa ruwa, a jefa shi a Keke Napep. Ga wanda ya faɗo daga sama ko ya bugu a kai, wannan taimako na iya zama sanadin shanyewar jiki, domin idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, lanƙwasa shi na iya datse lakar. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, a bar shi a kwance, a riƙe kansa kada ya motsa, a ɗauke shi a kan katako ko ƙofa, mutum da yawa a tare. Kada a ba shi abin sha. Wanda ya bugu a kai ya miƙe garau ma a sa masa ido: amai, barci mai nauyi, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini da ruwa daga kunne, duk alamun a garzaya asibiti ne, kuma suna iya bayyana bayan awanni. Dattijon da ya faɗi ya kasa tsayuwa, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ƙashin ƙugu ne ake zargi. Mai ciki a duba ta ko da ta ce lafiya lau.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori, jama'a sun yarda da su kuma suna kusa. Amma ɗaurin da ya matse a kan gaɓar da ke kumbura yana tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan hannaye da ƙafafun da aka yanke saboda haka. A fara ɗaukar hoto. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da kan karye idan mutum ya dafa ƙasa da tafin hannu, ana ɗaukarsa targaɗe, ya ƙi warkewa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana cikin gari, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan abin ya yi tsanani.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya gina daɓe da matakala da hanyoyin wucewa da inganci ya kuma kula da su, ya sa abin dafawa a matakala, ya kewaye ramuka, ya samar da isasshen haske da magudana inda aiki ke jiƙa ƙasa. Ta ce duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeton masana'antu, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Rauninta biyu ne. Masana'anta ta nufa, don haka ofis da makaranta da kasuwa ba su shiga sosai ba. Tarar da ke cikinta kuma ta zamanin da naira ke da daraja ce, 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, kuɗin da yau bai kai na tsani mai kyau ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, amma sa hannu a Janeba, hedikwatar ƙungiyar, bai gyara matakala a Tudun Wada ba.

Wadda ta fi shafar aljihun ma'aikaci ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, NSITF, ke gudanarwa. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci komai. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da na rana-rana, ta kuma haɗa da raunin da aka ji a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Ba sai an tabbatar da laifin mai kamfani ba kafin a biya. A aikace, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba su da rajista, don haka birkila da ɗan dako da yaron gareji abin da suke samu shi ne abin da maigida ya ga dama, ko abin da ƙungiyarsu ta tara. Ƙungiyoyin kasuwa da na masu sana'a su ne za su iya cike wannan giɓi, su sa sharaɗin cewa kafin a hau rufi a yi magana a gaban shaidu kan wanda zai ɗauki kuɗin magani.

Ga wanda wurin aikinsa ke da rajista, lokaci yana da muhimmanci. Dokar diyyar ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai ɗaukar aiki, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto ga asusun, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Saboda haka wanda ya zame a baranda ya sa a rubuta a ranar, ko da yana jin ba komai: wuri, lokaci, abin da ya jiƙa ƙasa, da sunan wanda ya gani. Ya ɗauki hoton wurin da waya kafin a goge, ya kuma adana katin asibiti da rasit ɗin magani.